Zan ƙara gini a makarantata: ina neman shawara kan yara masu buƙata ta musamman

Malam_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'yar makaranta mai zaman kanta a nan Kurna, firamare da safe, Islamiyya da yamma. Bayan damina in Allah Ya yarda za mu ƙara ajujuwa huɗu da banɗaki. A zangon nan iyaye biyu suka zo min, ɗaya da yarinya mai keken guragu, ɗayan kuma da yaron da ba ya ji sosai. Kan malamaina ya rabu. Wasu sun ce mu karɓa, wasu sun ce zalunci ne mu karɓi kuɗin mutane alhali ba mu da abin da za mu tsinana wa yaran, gara a kai su makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, wadda aka tanada domin su. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga karɓa, amma ba na son yin abu da ka. Waɗanda suka san harkar, me ya kamata in sa a ginin tun yanzu? Kuma haɗa su da sauran yara ya fi, ko ware su?

Injiniya_Ɗorayi:
Wa alaikumus salam Malam. Madalla da ka yi tambaya kafin a zuba fandisho, don abin da za ka yi da buhun siminti kaɗan yanzu, in gini ya tashi sai ka fasa bango kafin ka same shi.

Na farko gangarar da keke zai hau. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: duk inci ɗaya na tsayi, a ba shi ƙafa ɗaya na tsawo. In dakalin ajinka ya ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa, gangararka ƙafa 24 ke nan. Na san magini zai ce ɓarnar fili ce, ya yi maka 'yar gajera mai tsini irin wadda ake yi don shigar da babur cikin zaure. Kada ka yarda. Wannan ko ƙato ne a keken ba zai hau shi kaɗai ba, wajen saukowa kuma sai ta kifar da yarinya. In filin ya yi kaɗan a lanƙwasa ta, a bar shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiya inda za a huta a juya. A sa ƙarfen riƙewa dama da hagu. Kuma don Allah ban da tayil mai santsi, a bar simintin da kaushinsa.

Ƙofofi su kai ƙafa uku. Sannan wannan ɗan tudun da maginanmu ke ɗorawa a bakin ƙofa don tare ruwa, shi ma katanga ne ga mai keke. A karkatar da daɓen baranda waje, ruwa zai bi hanyarsa ba sai da tudu ba.

Ɗan_Fagge:
Injiniya ƙafa 24 fa? Ai filin makarantar Malam ɗin gaba ɗaya ke nan 😂

Injiniya_Ɗorayi:
@Ɗan_Fagge shi ya sa na ce tun yanzu. In bai ɗaga dakalin sosai ba, gangarar ba za ta yi tsawo ba. Inci takwas, ƙafa takwas. Sai dai unguwar da ruwa ke kwanciya dole a ɗaga, a nan sai a cike harabar gaba ɗaya ta ɗan taso.

Maman_Ilham:
Malam, ni uwar irin yarinyar nan ce, shekararta tara yanzu, kuma zan gaya maka abin da ba kasafai maza ke tunawa da shi ba. Duk abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ba gangara ce ta fitar da 'yata daga makarantarta ta farko ba. Banɗaki ne.

Aji kam ƙawayenta ma suna ɗaga keken su shigar da ita, har rige-rige suke yi. Amma masan makarantar na tsuguno ne, ƙofarsa 'yar siririya, ƙasa kullum jiƙe. Yarinyar da ba ta iya tsayuwa sai dai ta sauka daga keke ta ja jiki da hannu a cikin wannan ruwan. Sai na lura ta daina shan shayi da safe. In na zuba mata ruwa a gora, yadda na ba ta haka take dawo da shi, a watan Afrilu fa, da zafin Kano. Da na matsa mata sai ta ce, "Mama in na sha zan ji fitsari." Ƙarshe sai da ciwon mara ya kai mu asibiti. Malamanta ba mugaye ba ne, ba wanda ya taɓa kawo abin a ransa ne kawai.

Don haka in za ka yi banɗaki, ka ware ɗaya mai faɗin da keke zai shiga ya juya, masai na zama, ƙarfe a bango da za ta kama ta matsa kanta, ƙofa mai buɗewa waje, famfo ko wurin ajiye buta a inda hannun mai zaune zai kai. Kuma kada a sa masa kwaɗo a kai makulli ofishin hedimasta. Na ga inda aka yi haka, wai don kada sauran yara su ɓata shi.

Hajiya_Gwale:
Allah sarki. Maman Ilham Allah Ya ba ki ladan haƙuri, Ya raya miki ita. Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba.

Injiniya_Ɗorayi:
Hajiya Maman Ilham ta gama magana. Faɗin juyawar keke kamar ƙafa biyar ne ta kowane ɓangare, Malam ka rubuta wa magininka.

Abban_Sadiq:
Ku yi haƙuri zan zama bare a zancen nan. Ni malamin makarantar gwamnati ne. Ajina yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune. Mai ido da kunne lafiya ma ba na iya duba littafinsa sau ɗaya a mako. Yanzu a kawo min makaho ko kurma a ce in haɗa? Zai zauna ne kawai yana ɗumama wuri har a tashi. Wannan zancen haɗawa na ƙasashen da ke da yara ashirin a aji ne. Mu nan malaman Malam_Kurna da suka ce a kai su makarantarsu sun fi mu duka gaskiya.

Maman_Ilham:
@Abban_Sadiq Malam, 'yata ƙafa ce ba ta da ita, kunnenta da idonta da ƙwaƙwalwarta garau. Me za ta je yi a makarantar kurame da makafi? Ita ce ta uku a ajinsu. Kuma daga unguwarmu zuwa can kullum a adaidaita sahu da keken guragu, wa zai biya?

Abban_Sadiq:
Hajiya ban da irin 'yarki nake nufi. Mai keke ba ta ƙara wa malami aiki. Kurma da makaho nake magana.

Nura_MaganarHannu:
Ni kurma ne. Sanƙarau ya tafi da jina ina aji uku na firamare. Bari in faɗi nawa, don sau da yawa ana yanke mana hukunci ba mu a wurin.

Bayan na warke an mayar da ni ajinmu na da. Shekara biyu ina kallon bakin malami yana motsi. In yara suka yi dariya ni ma sai in yi don kada a gane. Ana ce min "an haɗa ni da kowa", amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar lokacin ba. Sai da aka kai ni cikin 'yan'uwana kurame na koyi maganar hannu, sannan karatu ya dawo min, har abokai na yi. Don haka duk wanda ya ce makarantar kurame wariya ce, bai san abin da yake faɗa ba. Wurin da yaro ke da harshe shi ne makarantarsa.

Amma Malam_Kurna, ka ce yaron "ba ya ji sosai". Wannan daban ne da wanda ba ya ji sam. Kafin komai iyayensa su kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, a auna jin nasa. Wani ruwa ne a kunne ko ciwon da magani ke warkarwa. Wani na'urar ƙara ji za ta wadatar da shi. In yana da sauran ji zai iya zama a ajinka da sharaɗi: benci na gaba, malami ya daina magana yana fuskantar allo ya ba yara baya, haske ya riƙa faɗowa a fuskar malami, duk abin da aka faɗa mai muhimmanci a rubuta shi. Kuma tunda gini za ka yi, ka sa silin. Kwano tsirara in ruwan sama ya sauko, mai na'ura a kunne ba ya jin komai sai ƙara, don na'urar ba ta zaɓar muryar malami, duk hayaniya take ɗagawa. Haka janareto, a nisanta shi da ajin.

In kuma ba ya ji sam, kuma ba ka da malamin da ya iya maganar hannu, to kada ka karɓe shi don tausayi. Tausayin nan shi ya cinye min shekara biyu.

Abban_Sadiq:
To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Nura_MaganarHannu:
Ba daidai abin da kake faɗa ba ne Malam. Kai ka ce ba zai yiwu ba. Ni na ce yana da sharaɗi.

Ummu_Hanif:
Malam Nura tambaya, maganar hannun da kuramen kasuwa ke yi, irin ta Kantin Kwari da tasha, ita ce ake koyarwa a makaranta?

Nura_MaganarHannu:
A'a 'yar'uwa. Wadda kike gani a kasuwa ita ce maganar hannu ta Hausa, tsohuwa ce, kurame sun gaje ta daga kurame, kuma masu ji da yawa a Kano sun iya kaɗan-kaɗan. Ta makaranta tushenta na Amurka ne. Wani Ba'amurke baƙar fata, shi ma kurma, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu. Mu da muka yi makaranta muna haɗa biyun. Matsalar ita ce yaro ya koyi ta makaranta ya dawo gida, uwarsa ba ta gane ko ɗaya. Shi ya sa nake cewa duk makarantar da za ta koyar da kurma ta riƙa kiran iyaye su ma su koya, ko ranar Asabar ce.

Barista_Zoo_Road:
Bari in sa baki ta fuskar doka, don wasu na ɗaukar abin kamar alfarma ce. Akwai dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce ilimi kyauta ne gare su har sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su kasance a buɗe gare su, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu, a kuma sa rubutun makafi na Braille da maganar hannu cikin manhaja. Wanda ya nuna wariya tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a zamanin Ganduje. Ƙasar nan kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙoƙinsu tun 2010.

Ɗan_Fagge:
Barista, ka zaga ma'aikatu da bankuna ka ƙirga mana masu gangara ta kirki tun da wa'adin ya cika. Doka a takarda dai muna da ita kamar ƙasa.

Barista_Zoo_Road:
Ban musa ba. Amma uwar da ta san akwai dokar, yadda za ta tsaya gaban hedimasta daban ne da wadda ke ganin roƙo ta zo yi.

Sani_Dala:
Salam. Ni makaho ne, na yi digirina a nan Kano, kuma da wayata nake bin wannan muhawarar, manhajar TalkBack ke karanta min rubutun da murya. Muryar Turanci ce take tauna Hausar, in ta zo kan ƙ da ɗ sai ta yi abin dariya, amma mun saba, muna ganewa.

@Abban_Sadiq ina girmama ka Malam, aji mai yara ɗari ba wasa ba ne. Amma abin da makaho ke nema wurinka bai kai yadda kake zato ba. Babban abin da ya wahalar da ni a karatu kalma biyu ce: "wannan" da "nan". Malami ya tsaya gaban allo ya ce, "in ka ɗauki wannan ka kawo shi nan, sai ka raba da wancan." Shi ke nan an bar ni a tasha. Da zai ce "ka ɗauki bakwai ka kawo ta ƙarƙashin goma sha biyu", da ni da yaron da ke can bayan aji wanda ba ya hango allo duk mun amfana, kuma ko kwabo bai kashe ba.

Na biyu takardun darasi. A jami'a wasu malamai kan ɗauki hoton shafi su turo a matsayin PDF. A wurin manhajar da ke karanta mana allon waya ko kwamfuta, wannan hoto ne kawai, shiru za ta yi. In an turo rubutun da aka buga da kwamfuta kai tsaye, irin wannan manhajar, kamar NVDA wadda kyauta ce, za ta karanta min shi tas. Amma fa kada a ce waya ta maye gurbin Braille. Yaron da bai taɓa harafi da yatsansa ba ba zai iya ƙa'idar rubutu ba, sauraro kawai ya iya. Ɗigo shida ne kacal, allon hudawa da tsinkensa kuma ba su da tsadar keken rubutun Perkins. Abin da nake gani shi ne yaro ya fara da inda za a koya masa Braille da tafiya da farar sanda, in ya ƙware sai ya shiga cikin kowa. Ni haka aka yi min.

Wani abin farin ciki, JAMB tana da shiri na musamman na jarrabawar makafi tun 2017, kuma Kano na cikin cibiyoyin. Iyaye da yawa ba su sani ba.

Malam_Kurna, a gininka: kada a bar taga mai buɗewa cikin baranda daidai goshin yaro, a rufe kwata, kuma in an jera benci a bar su yadda suke. Mu da ƙwaƙwalwa muke zana wuri.

Hajiya_Gwale:
Ikon Allah. Malam Sani wallahi da ba ka faɗa ba ba zan san makaho ne ya yi rubutun nan ba.

Sani_Dala:
Hajiya ai mu ma muna nan a duk rukunonin da kuke, shiru kawai muke yi 😄

Baba_Alhaji_Yakasai:
Yara ku bar ni in ce wani abu. Mu da muka taso cikin gari, a makarantar allo ba a taɓa ware makaho ba. Tare muke zama gaban malam, shi da kunne yake ɗauka, kuma sau tari ya riga mu haddacewa. Alarammomi makafi nawa garin nan ya yi? Tun zamanin Manzon Allah (SAW) Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ladani ne, har Madina aka bar masa ya kula da ita, kuma kowa ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Garin nan kuma da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ba a ɗauke su mutanen banza ba. Boko ce ta zo da allon bango da bene ta ce sai mai ido da ƙafa.

Ɗan_Fagge:
Baba a gafarce ni, amma mu ɗin nan ne kuma muka mayar da su mabarata. Yaro ya tashi da shan inna, maimakon makaranta sai a ajiye shi a danja da kwano.

Abu_Safwan:
Ba duka ba. Je ka ga masu shan inna da ke ƙera kekuna masu ƙafa uku da hannunsu a garin nan, suna ɗaukar yara aiki. Ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allon taya ma ɗan Kano ne ya ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi, a 1988. Bara talauci ne da rashin makarantar da za ta karɓe su, ba halinsu ba ne.

Ɗan_Fagge:
Wasu an ba su sana'a sun koma titi, wannan ma gaskiya ce.

Admin_Rukayya:
Jama'a zancen bara muhawara ce mai zaman kanta, wanda ke so ya buɗe mata wani zaren. Malam_Kurna gini zai yi, a taimaka masa.

Malama_Zee:
Na karanci ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, ina koyarwa a wata firamare a Hotoro. Abin da nake so in ƙara, Malam, shi ne yaran da ka ambata biyu ne don su ake gani. Na rantse akwai wasu a ajujuwanka yanzu haka da ba wanda ya lura da su.

Akwai yaron da ke da wayo a baki, ka tambaye shi komai ya amsa, amma in ya zo karatu haruffa sai su riƙa rikice masa, ya juya b ta zama d, shekara uku yana aji ana ce masa daƙiƙi ana zane shi. Akwai zabiya, wanda yawanci idonsa ba ya gani nesa kuma hasken rana na damunsa: gaba zai zauna, nesa da taga, a yi masa rubutu manya, a bar shi da hularsa da riga mai dogon hannu, kada a tsayar da shi a rana wajen taron safe. Akwai mai sikila da ke buƙatar shan ruwa a kai a kai da fita banɗaki ba tare da an tsare shi da tambaya ba, ga rigar sanyi lokacin hunturu ko da ba ta cikin kayan makaranta. Akwai mai in'ina da malami ke tayarwa ya yi karatu gaban aji yara na dariya.

Abin da aka koya mana shi ne kada ka tsara darasi don "yaro na daidai" sannan ka zo kana yi wa saura faci. Tun farko ka shigar da abu ta ƙofa fiye da ɗaya: ka faɗa, ka rubuta, ka ba su abin taɓawa. Ni da murafen lemo da tsinken tsintsiya nake koyar da lissafi. Sannan ka bar yaro ya nuna ya gane ta hanya fiye da ɗaya, wani a rubuce, wani da baki, wani ya zana, wani a ƙara masa lokaci. Tunanin daga masu zanen gini ya samo asali. Wani Ba'amurke, Ronald Mace, wanda shan inna ta sa shi a keke tun yana yaro, shi ya yaɗa cewa a zana gini don kowa tun farko. Gangarar da za ka yi wa yarinyar nan, malamarka mai tsohon ciki za ta bi, kakar da ta zo ɗaukar jika za ta bi, mai baro da ya kawo littattafai ma zai bi.

@Abban_Sadiq a aji mai yara ɗari ba zan ce maka komai zai yiwu ba. Amma sauya wa yaro wurin zama da faɗin abin da kake rubutawa da baki ba sa jiran gwamnati.

Abban_Sadiq:
Malama na ji, kuma na Malam Sani ya shige ni, gobe ma zan gwada. Amma ku ma ku yarda: an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a jihar nan a 2024 saboda abin ya kai inda ya kai. In ba a rage cunkoso an ɗauki malaman da suka karanci fannin ba, dabarun nan sauƙaƙawa kawai za su yi. Kada a ɗora wa malami laifin da ba nasa ba.

Mai_Makaranta_Sharaɗa:
Ni ma mai makaranta ce kamar Malam, bari in faɗi abin da ba a so a ji. Na taɓa karɓar yarinya mai farfaɗiya. Ranar da ta faɗi a aji, kafin mako ya zagayo iyaye sun fara cire 'ya'yansu, wai ana ɗauka ta yawu. Makarantar kuɗi da kuɗin makaranta take biyan albashi. Malam ka shirya wa iyayen sauran yara, su ne za su fi ba ka wahala, ba magini ba.

Nas_Hauwa:
Don Allah a yaɗa wannan: farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa. In yaro ya faɗi a kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko man ja. In ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Da yawansu in suna shan magani a kan lokaci sai su daɗe ba ta tashi ba. Hajiya da kin kira ma'aikacin lafiya ya yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai, wataƙila da wasu sun tsaya.

Mai_Makaranta_Sharaɗa:
An yi bayanin 'yar'uwa, har limamin unguwa ya yi magana. Wasu sun dawo, wasu har yau. Yarinyar dai tana nan, ta kusa gama aji shida.

Maman_Ilham:
Allah Ya saka miki Hajiya da ba ki kore ta ba. Malam_Kurna abu ɗaya na manta: kafin magini ya fara, ka gayyato yarinyar da kekenta ta zaga filin, daga bakin ƙofar waje har inda za a yi banɗakin. Inda ta maƙale za ka gani da idonka. Yashi ma kaɗai ya isa ya tsayar da keke. Kuma teburinta ya zama wanda keke zai shige ƙarƙashinsa, a jere da na sauran yara, ba a kusurwa ita kaɗai ba.

Malam_Kurna:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na kwafe bayanin Injiniya da na Maman Ilham zan zauna da magini, ajujuwan duka a ƙasa za su kasance, silin ma zan sa ko da a biyu ne tukuna. Yarinyar na yanke shawarar karɓarta. Yaron ne har yanzu ban sami natsuwa ba. Na yi waya da mahaifinsa, ya ce an taɓa auna shi an rubuta masa na'ura, kuɗinta ne ya gagara. Kuma ni damuwata Islamiyya: yara arba'in suna biya karatu da ƙarfi baki ɗaya, ta ina zai tsinci muryar malam?

Nura_MaganarHannu:
Ba zai tsinta ba Malam. Sai dai a ware masa minti goma shi da malami fuska da fuska, kafin a fara ko bayan an tashi, yana kallon baki yana bin Mus'hafi da yatsa. In ba za a iya ba shi wannan kullum ba, ka gaya wa uban gaskiya.

Malama_Zee:
Ni kuma ina ganin ka karɓe shi zango ɗaya na gwaji, da yarjejeniya a rubuce da iyayen, a duba ci gabansa a ƙarshe. In ka mayar da shi, ba lallai uban ya kai shi wata makarantar ba, gida zai zauna.

Nura_MaganarHannu:
Malama, zango ɗaya a wurinki gwaji ne, a wurin yaron wata uku ne na zama cikin shiru. A nemo na'urar tukuna.

Abu_Safwan:
To nawa ne kuɗin na'urar? Malam ka tambayi uban ya turo takardar asibitin ta hannun Admin, mu ga abin da za a iya haɗawa a nan. Masu ganin a karɓe shi da masu ganin a jira duk za su iya sa hannu a wannan.

Injiniya_Ɗorayi:
Ina ciki. Malam kuma ka auno min tsayin dakalin tsofaffin ajujuwan da faɗin filin da ya rage, in ga ko gangara ɗaya za ta iya haɗa tsohon gini da sabo.